Gaɓoɓin Jikin Ɗan Adam: Darasi Daga Birnin Doha

Ran 2 ga watan Yuli na shekarar 2018, a wata gasar wasanni da aka yi a ƙasar Hangari, wani saurayi ɗan ƙasar Katar mai suna Mutaz Isa Barshim ya nemi a ɗaga masa sandar tsalle zuwa mita 2 da santimita 46. Tun da ake wannan wasa ba a taɓa samun wanda ya tsallake wannan tsawo ba, gama bajintar da Habiya Sotomayo na ƙasar Kuba ya kafa a shekarar 1993 ta tsaya ne a kan mita 2 da santimita 45. A yunƙurinsa na uku, Barshim ya sheƙo a guje ya dasa ƙafa zai tashi, sai igiyoyin da ke riƙe da idon sawunsa suka yage. Daga nan wasannin wannan shekara suka ƙare masa, aka yi masa aiki, ya koma koyon taka ƙasa kamar yaro mai tatata.

Bayan wata 15, ran 4 ga Oktoba 2019, a filin wasa na Halifa da ke Doha, garin da aka haife shi, wannan saurayi ya tsallake mita 2 da santimita 37 a gaban dubban mutanen ƙasarsa, ya riƙe kambunsa na zakaran duniya. Tsakanin faɗuwarsa da tashinsa akwai ilmi mai yawa game da wani abu da kowane mahaluki ke ɗauke da shi, manomi ne ko malami, ɗan dako ko tsohuwa mai kaɗi. Abin nan kuwa shi ne gaɓa.

Mene ne gaɓa?

A bakin Bahaushe, kalmar gaɓa tana da faɗi: akan ce gaɓar rake, gaɓar kara, gaɓar magana. Amma a wurin masana jikin ɗan Adam, gaɓa ita ce duk inda ƙashi biyu ko fiye suka haɗu. Baligi yana da ƙasusuwa 206, jariri kuwa yana zuwa duniya da wajen 270, sa'an nan waɗansu su riƙa haɗewa yayin da yake girma. Malaman addinin Musulunci sun saba ambaton gaɓoɓi 360, kamar yadda ya zo a hadisi. Likitoci kuma lissafinsu yakan bambanta, gwargwadon abin da kowa ya ɗauka a matsayin gaɓa. Tafin ƙafa ɗaya kaɗai yana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, hannu kuma daga wuyansa zuwa kan yatsu yana da ƙasusuwa 27.

Kowace gaɓa tana fama da buƙatu biyu masu karo da juna. Ana son ta yi ƙarfi don kada ƙasusuwa su rabu, ana kuma son ta saki don jiki ya motsa. Wadda ta sami ƙarfi da yawa takan rasa motsi, wadda ta sami motsi da yawa kuma takan zama mai saurin gocewa. A kan wannan ma'auni ne masana suka kasa gaɓoɓi gida uku.

Iri uku

Kashi na farko su ne gaɓoɓin da ba su motsi, waɗanda wani zare mai tauri ya ɗinke su. Misalinsu shi ne ƙoƙon kai. Ba ƙashi ɗaya ba ne, faifai ne da yawa da bakunansu suka shiga juna kamar ɗinkin ƙwarya. A jikin jariri ɗinkin bai gama rufewa ba, domin kai ya iya matsewa wajen haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta sami wurin girma. Wurin nan mai taushi da ake kira maɗiga shi ne inda faifan ba su riga sun haɗu ba, yakan kuma rufe kafin yaro ya cika shekara 2. Iyaye mata sun daɗe da sanin cewa maɗiga tana ba da labari: in ta faɗa ciki alhali yaro yana gudawa, alama ce ruwan jikinsa ya yi ƙasa ƙwarai, a gaggauta ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti.

Kashi na biyu su ne masu ɗan motsi kaɗan, waɗanda guringuntsi ya haɗa su. Ƙashin baya jerin ƙasusuwa ne 33, tsakanin na sama kuma akwai matasai 23 na guringuntsi, kowane da ɓawo mai tauri da ciki mai laushi. Motsin kowace gaɓa ɗaya ƙanƙane ne, amma in aka tara su sai mutum ya iya ruku'u, ya iya duƙawa da fartanya, ya iya waiwaye. In ɓawon matashin ya tsage, abin da ke ciki ya ɓullo ya danne jijiya, sai a ji zafi yana sauka daga ƙugu har ƙafa. Haka kuma akwai irin wannan gaɓa a gaban ƙugu, wadda takan ɗan saki ga mace mai ciki domin sauƙaƙa haihuwa.

Kashi na uku, waɗanda suka fi yawa a hannuwa da ƙafafu, su ne masu cikakken motsi. Su ma siffarsu iri shida ce. Akwai mai buɗewa da rufewa ta fuska ɗaya kamar ƙyauren ɗaki, irin gwiwar hannu da gaɓoɓin yatsu. Akwai mai dunƙulallen kai da ke zaune cikin ƙoƙo yana juyawa ko'ina kamar taɓarya a turmi, watau kafaɗa da kwatangwalo. Akwai mai juyawa a kan turke, irin wadda ke tsakanin ƙashin wuya na farko da na biyu, da ita ne mutum ke girgiza kai ya ce a'a. Akwai mai kama da mahayi a kan sirdi, a gindin babban yatsan hannu, ita ce ta ba ɗan Adam ikon riƙe alƙalami da allura. Akwai mai kama da ƙwai a cikin ludayi, a wuyan hannu. Ta ƙarshe ita ce mai zamewa kamar ɗan dutsen niƙa a kan uwarsa, tsakanin ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu da na ƙafa.

Kwatanta kafaɗa da kwatangwalo ya isa ya nuna ma'aunin da aka ambata. Ƙoƙon kwatangwalo mai zurfi ne, ya haɗiye kan ƙashin cinya, saboda haka ba ya gocewa sai da babban haɗari, kamar na mota. Ƙoƙon kafaɗa kuwa ba shi da zurfi, shi ya sa hannu ke kaiwa duk inda ake so, shi ya sa kuma kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa yawan gocewa. 'Yan kokawa da 'yan dambe sun san wannan a jikinsu.

Yadda aka gina gaɓa mai motsi

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ya ga an raba gwiwar sa ko ta rago, ya riga ya ga abin da likita ke gani. Kan kowane ƙashi yana lulluɓe da farin guringuntsi mai sheƙi, wanda kaurinsa a jikin mutum bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba a yawancin wurare. Gaɓar duka tana cikin wata jaka mai tauri, bangon jakar na ciki kuma yana tsattsafo da wani ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai. A lafiyayyar gwiwa ruwan bai cika ƙaramin cokali ba, amma santsin da yake bayarwa ya fi na ƙanƙara a kan ƙanƙara.

Daga waje kuma akwai igiyoyi iri biyu, waɗanda Hausa ta haɗa su da jijiyoyin jini a ƙarƙashin suna ɗaya, jijiya, alhali aikinsu dabam ne. Igiyar gaɓa tana ɗaure ƙashi da ƙashi, ta hana shi wuce iyakarsa. Agara kuwa tana ɗaure tsoka da ƙashi, in tsoka ta tsuke sai agara ta ja, gaɓa ta motsa. A cikin waɗannan igiyoyi da jakar gaɓa akwai ƙananan jijiyoyin ji da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take a kowane lokaci. Da su ne mutum ke iya tafiya cikin duhu a kan kunyoyin gona ba tare da ya dubi ƙafarsa ba.

Akwai wani abu guda game da guringuntsi da ya kamata kowa ya riƙe. Ba shi da hanyar jini, ba shi da jijiyar jin zafi. Abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu, kamar soso: in an taka ya matse ya fitar da ruwa, in an ɗaga ya tsotso sabo. Ma'anar wannan ita ce motsi shi ne cimar gaɓa, gaɓar da aka daɗe ba a motsa ta ba kuwa sai ta sandare. Ma'ana ta biyu ita ce, abin da jini ba ya kai masa ba ya saurin warkewa. Tun a shekarar 1743 wani likitan Biritaniya, Wiliyam Hanta, ya rubuta cewa guringuntsi in ya lalace ba ya komawa yadda yake. Ƙashin da ya karye yakan haɗe cikin makonni, amma guringuntsin da ya goge har yau yana ba likitoci wuya.

Abin da ake yi a Doha

A unguwar wasanni ta Aspire, kusa da filin Halifa inda Barshim ya yi nasararsa, akwai asibitin Aspetar, wanda aka buɗe a shekarar 2007 musamman domin ciwon ƙashi da gaɓoɓi da raunukan 'yan wasa. A shekarar 2009 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta sa shi cikin jerin cibiyoyin lafiya da ta amince da ƙwarewarsu. Sunansa ya ƙara fita sa'ad da Katar ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya a shekarar 2022. A wannan gasa ne shahararren ɗan wasan Barazil, Neymar, ya yi targaɗe a idon sawunsa na dama a wasansu da Sabiya. Ya sake jin ciwo a wuri ɗaya cikin Fabrairun 2023 a Faransa, cikin watan Maris kuma aka kawo shi Aspetar aka gyara masa igiyoyin.

Me ya sa idon sawu ke yawan cin amanar masu shi? Gaɓa ce ta ƙasusuwa uku: ƙashin ƙwauri da siririn ɗan'uwansa sun yi baki kamar na awartaki, suka riƙe wani ƙashi na ƙafa a tsakaninsu. Igiyoyin gefen ciki masu kauri ne, na gefen waje kuwa guda uku ne sirara. Saboda haka yawancin targaɗe yakan faru ne in ƙafa ta gurɗe ta ciki, nauyin jiki ya faɗa wa igiyoyin waje. In suka yage, ba ƙarfi kaɗai aka rasa ba, har da jijiyoyin nan masu kai labari ga ƙwaƙwalwa. Shi ya sa wanda ya yi targaɗe sau ɗaya, in bai horar da ƙafar ba, yakan sake yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gwiwa ita ce gaɓa mafi girma a jiki. A tsakiyarta akwai igiyoyi biyu da suka gitta juna, na gaban shi ne ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, shi ne kuma ke tsinkewa in ɗan ƙwallo ya dasa ƙafa ya juya da sauri. Da wuya ya haɗe da kansa, saboda haka likitoci kan yanko agara daga wani wuri a ƙafar mutumin su dasa a madadinsa. Ba sa ma tsaga gwiwar: sukan huda ƙananan ƙofofi su zura wani siririn madubi mai fitila, dabarar da likitocin Japan suka gwada tun 1918.

Amma babban darasin da ya fito daga Doha bai shafi wuƙar likita ba, ya shafi haƙuri ne. A shekarar 2016 masu bincike na Aspetar suka buga sakamakon bin diddigin 'yan wasa maza 158 da aka yi wa irin wannan dashe. An gindaya musu sharuɗɗa shida kafin komawa fili, ciki har da awon ƙarfin tsokar cinya, da tsalle da ƙafa ɗaya, da gudu mai sauya fuska. Waɗanda suka koma wasa ba tare da cika sharuɗɗan ba, haɗarin sake tsinkewar igiyar a wurinsu ya ninka na sauran har sau 4. Watau gushewar zafi ba ita ce warkewa ba. Sauri ya haifi nawa.

Daga Doha zuwa ƙasar Hausa

Mai sauraro a Kano ko Maraɗi, a Kumasi ko Kadarif, yana iya cewa wannan zancen masu kuɗi ne. Amma gwiwar Neymar da ta mai tura baro ƙira ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane wajen miliyan 528 ne ke fama da ciwon gogewar guringuntsi, irin wanda tsofaffi ke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓoɓi. Daga cikinsu miliyan 365 a gwiwa yake damunsu, kashi 60 cikin ɗari kuma mata ne. Shekaru suna kawo shi, tsohon rauni yana kawo shi, ƙiba kuma tana hanzarta shi, gama bincike ya nuna cewa kowane kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kimanin kilo 4 a kowane taku.

Ba duk ciwon gaɓa ne na tsufa ba. Akwai wanda garkuwar jiki ce da kanta ke far wa bangon jakar gaɓa, yatsun hannu biyu su kumbura su sandare da safe, wannan ya kama mutane wajen miliyan 18 a duniya a shekarar 2019, yana kuma da magani in an fara da wuri. Akwai wanda wani gishiri ne daga jini ke daskarewa a cikin gaɓa, ya fi son gindin babban yatsan ƙafa, yakan ta da mutum da tsakar dare. Akwai tarin fuka, wanda ba huhu kaɗai yake ci ba, yakan shiga ƙashin baya ya bar mutum da ƙusumbi. Akwai kuma sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita: jinin da ya lanƙwashe yakan toshe ƙananan hanyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu ya ruguje, saurayi ko budurwa su kama ɗingishi tun suna kan ganiyarsu.

Mafi gaggawa duka shi ne yaron da gaɓarsa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, ya ƙi yarda a taɓa. Sau da yawa ƙwayoyin cuta ne suka shiga, mugunya ta taru a cikin jakar. Tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Wannan ba na tsaga ba ne, ba na shafa ba ne, na asibiti ne a ranar.

Ɗori tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, ana gadonta gida gida, masu ita kuma sun taimaki mutane da yawa a wuraren da babu likita. Ilmin mayar da gocewa ma tsoho ne a duniya: Hifokaratis na Girka ya bayyana yadda ake mayar da kafaɗa, Abul Ƙasim Azzaharawi na Andalus kuma ya yi dogon bayani a kan karaya da gocewa wajen shekara dubu da suka wuce. Sai dai akwai iyakar da hannu ba ya gani. Karayar da ta ratsa cikin gaɓa, in ba a daidaita ta sosai ba, takan bar tudu a kan guringuntsi wanda zai riƙa goge ɗan'uwansa har ƙarshen rai. Ɗaurin da ya yi tsanani kuma yana hana jini gudu. In yatsu suka yi sanyi, ko suka sauya launi, ko suka mutu, ko zafi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, lalle a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti, gama yara da yawa sun rasa hannu ta wannan hanya. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a shekarar 1959, domin irin waɗannan larurori aka gina shi.

In gaɓa ta riga ta lalace sarai, ba a yanke ƙauna. A shekarar 1962, a asibitin Raitintin da ke arewacin Ingila, likita Jon Canli ya daidaita dabarar musanya kwatangwalo da na ƙarfe mai zama cikin ƙoƙon roba mai tauri. Yau ana yin wannan aiki, da na gwiwa, a ƙasashe da yawa har da Nijeriya, mutanen da suka shekara a kwance suna tashi su taka. Amma aiki ne mai tsada, ƙarfen kuma shi ma yana da wa'adi, saboda haka kiyaye ta Allah ya fi neman ta maƙera.

Kiyayewar kuwa ba ta buƙatar dukiyar Katar. Tafiya a ƙasa kowace rana tana ciyar da guringuntsi, tana ƙarfafa tsokar cinya wadda ita ce mai gadin gwiwa. Mai ɗaukar buhu ya durƙusa da gwiwa ya tashi da ƙarfin cinyoyi, kada ya sunkuya da baya. Wanda ya yi targaɗe ya huta, ya ɗaga ƙafar, ya sa mata abu mai sanyi a kwanakin farko, sa'an nan ya fara motsa ta sannu sannu, ya riƙa gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya har ta dawo da saninta. In ya kasa taka ta ko taku huɗu, a ɗauki hoton ƙashin. Magungunan kashe zafi da ake saye a kasuwa kuma a yi hattara da su, gama yawan shansu yana ƙona ciki yana lalata ƙoda.

Labarin Barshim bai ƙare a Doha ba. Ran 1 ga Agusta 2021, a wasannin Olimfik na Tokiyo, shi da Janmarko Tamberi na Italiya suka yi kunnen doki a kan mita 2 da santimita 37. Tamberi ma igiyar idon sawunsa ta taɓa yagewa, a shekarar 2016, ana saura 'yan makonni a fara wasannin Riyo, ya kuma zo Tokiyo da filastar da aka ɗaure masa ƙafa da ita a wancan lokaci, ya ajiye ta a gefen fili. Da alƙalin wasa ya yi musu tayin ci gaba da tsalle don a fid da gwani, sai suka zaɓi su raba lambar zinariya su biyu. Kowannensu ya san watannin da ɗan'uwansa ya yi yana koya wa gaɓa ɗaya tak yadda za ta sake ɗaukar jiki.